Idan kun ji ƙarar injin zarto a dajinku: abin da za ku yi daki-daki

Duk wanda ya bi hanyar Jalingo zuwa Bali wajejen 2015 da 2016 ya san abin da nake nufi in na ce madrid. A Garba Chede gungume ne jibge a bakin titi an sassaƙe su kusurwa huɗu, tireloli na lodi dare da rana, yaron da jiya ko keke ba shi da shi yau ga shi kan sabon mashin yana zuga gudu, masu abinci sun kakkafa rumfuna, kowa cewa yake arziki ya shigo gari. To wannan madrid ɗin ba wata baƙuwar bishiya ba ce, madobiyarmu ce da muka sani, wadda in ka sare ta take fitar da jan ruwa kamar jini, wadda Fulani ke sassabo wa shanu ganyenta da rani lokacin da ciyawa ta ƙare. China ake kai ta a yi kujeru da gadaje na alfarma irin na masu kuɗinsu. Yau ka shiga waɗancan dazuzzukan kututture za ka yi ta cin karo da shi, mashinan kuma sun daɗe da mutuwa.

Na rubuta wannan ne don mutanen da abin ya zo ƙofar gidansu, ko madobiya ce ake kwashewa ko ƙirya da marke ake ƙonawa a yi gawayi, kuma ba su san ta ina za su fara ba. Abin da na gani dai shi ne ihu da gatari ba sa kama ɓarawon daji, takarda ce ke kama shi, don shi ma da takarda yake fakewa.

Mataki na 1: ku san wane sara ne laifi

Ba kowane saran itace ne laifi ba, kuma in kuka cakuɗa su tun farko kun faɗi. Tsohuwar da ta shiga daji ta tsinto ƙirare ta ɗauro a ka ba ita muke nema ba. Manomin da ya rage rassan darbejiyar ƙofar gidansa shi ma ba ruwanmu da shi.

Laifin yana zuwa ta fuskoki kamar haka. Akwai wanda zai shiga gandun daji na gwamnati ya sare ba izinin kowa. Akwai wanda yake da famit ɗin gaske amma na bishiya goma ne, ya sare hamsin. Akwai mai famit ɗin wani daji can daban ya zo yana nuna shi a naku, da mai famit ɗin da ya ƙare tun bara, da wanda rasit guda yake fitar da mota biyar da shi, da mai sare ƙananan da ba su kai kaurin da doka ta yarda ba. Sai kuma babban, wato sare irin itacen da aka hana taɓawa gaba ɗaya ko fitar da shi waje da takardun bogi.

A Najeriya sai kun gane wa ke da wane daji. Gandun daji na yau da kullum, irin su Lame Burra a Bauchi, na gwamnatin jiha ne, dokar jiha ke aiki a kansu, kuma kowace jiha da tata dokar da jerin itatuwan da ta kare. Amma irin su Gashaka Gumti da ya ratsa Taraba da Adamawa, ko Kamuku a Birnin Gwari, na gwamnatin tarayya ne, da hukumarsu daban da dakarunsu daban, kuma a can babu wani abu wai shi famit ɗin yankan katako, duk wanda ka gani da inji a ciki ɓarawo ne kawai. Sannan abin da mutane da yawa ba su sani ba, a jihohi da dama ko a gonarka bishiyar take, in tana cikin jerin da aka kare sai ka nemi izini kafin ka kayar da ita.

Don haka ku tashi mutum biyu ko uku ku je sakateriyar ƙaramar hukuma, sashen gona da gandun daji, ku nemi malamin daji ya ba ku abu uku: jerin itatuwan da aka hana sara, iyakar gandun da ke kusa da ku, da samfurin famit na gaske ku gan shi da idonku ku ɗauki hotonsa. In ya ce ba ya da su ku wuce hedikwatar ma'aikatar muhalli ta jiha. Kar ku ji kunyar tambaya, haƙƙinku ne.

Ita madobiya kam maganarta ta wuce jiha. Akwai yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ana ce mata CITES, ta sa madobiya cikin jerin da sai da takarda ta musamman tun farkon 2017. A ƙarshen wannan shekarar wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta fitar da rahoto ta ce gungume kusan miliyan 1.4 daga Najeriya, na kimanin dala miliyan 300, aka tsare a tashoshin ruwan China don ba takarda, daga baya aka sa hannu a takardu kusan 4,000 aka wanke su. Hukumomin da abin ya shafa sun musanta aikata ba daidai ba, amma a 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya, a 2022 kuma aka faɗaɗa matakin zuwa sauran ƙasashen da take fitowa. Ku riƙe wannan, saboda in wani ya zo ya ce muku ai gwamnati ce ta ba shi kwangilar fitarwa, sai ku ce ya nuna.

Mataki na 2: ku gane sarƙar, kar ku tsaya kan yaron da ke riƙe da inji

Wannan wurin ne mutane suka fi yin kuskure, ni ma na yi. Za a kama wani yaro da injin zarto a lakaɗa masa duka a kai shi caji ofis, da yamma an yi belinsa, washegari wani yaron ya karɓi injin aiki ya ci gaba.

Ga yadda abin yake tafiya. Akwai ɗan gari mai nuna itace, shi ya san inda manyan suke don a nan aka haife shi, ana ba shi ɗan na goro. Akwai mai inji da yaransa, galibi ma injin ba nasu ba ne. Sai 'yan dako masu mirgino gungume zuwa inda mota za ta iya shiga, sai direban kanta ko tsohuwar roka mai fito da su bakin titi, sai mai depo, sai dillalin da ya zuba kuɗin tun farko wanda ƙila ko dajin bai taɓa takawa ba, sai mai cusa su a kwantena a nufi Legas. A kowace gaɓa kuma akwai wanda ya kau da kai: wani mai sarauta da aka kai wa gaisuwa, wani jami'i da ya buga hatimi, wani mai shinge a hanya da aka miƙa wa hannu ta taga. Ban ce duka haka suke ba, na san malaman daji da ke aiki tsakaninsu da Allah ba babur ba alawus, kuma an kashe dakarun gandun daji a bakin aikinsu a ƙasar nan. Amma tirela cike da gungume ba allura ba ce da za ta wuce shinge ashirin ba wanda ya gani.

Ku zauna ku rubuta sarƙar garinku, wa ke nunawa, wa ke da injin, motar wa ce, ina ake saukewa, wa ke biya. Wannan takardar kar ta fita daga hannun mutum biyu uku amintattu, kar a sa ta a WhatsApp, don zargin mutum da suna ba hujja zai iya juyowa kanku a kotu.

Kuma kar ku ɗauka ƙaramin abu ne na ƙauyenku kaɗai. 'Yan sandan duniya na Interpol da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na katakon da ake ciniki a duniya ta haramtacciyar hanya ya fito.

Mataki na 3: ku ƙirga abin da kuke da shi

Ba za ka ce an yi maka sata ba alhali ba ka san nawa ka ajiye ba. Ku sa rana ku zaga dajin da waɗanda suka san shi, wato maharba, da makiyaya, da masu maganin gargajiya, da matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa, su ne ma za su fi ku sanin wacce ta ɓace don ita ce kalwarsu da man kaɗensu. Ku tafi da fenti da littafi, kowace babbar bishiya a rubuta mata lamba a jiki, a littafi a sa lambar da sunanta da kaurinta, igiya ma ta isa awo in ba tef, a zagaya ta daidai ƙirjin mutum. Ku fara da waɗanda aka fi farauta: madobiya, ƙirya, marke, maɗaci, kawo, doka, maje, kaɗanya, ɗorawa. In da mai babbar waya sai ya riƙa ɗaukar hoto yana ajiye wurin a taswirar waya.

Aiki ne mai gajiyarwa, kuma za a yi muku dariya a ce kun rasa abin yi. Amma fentin kansa yana aiki, mai inji in ya ga lamba a jikin itace ya san akwai mai ido a kai.

Mataki na 4: hujja, kuma da ranku

Wannan sai na ja kunne sosai. Dazuzzuka da yawa a arewa yanzu ba na shiga haka kawai ba ne, Kamuku da Rugu da Kuyambana kowa ya san halin da suke ciki, kuma a wasu wuraren masu saran suna biyan 'yan bindiga ne a bar su su yi aiki. In dajinku irin wannan ne kar wanda ya shiga da sunan bincike, ku tsaya a bakin hanya da kasuwa da depo, a nan ma hujja tana nan birjik. In ma daji lafiyayye ne kar mutum ɗaya ya je, kar a je da dare, kar a tunkari mai inji ana cacar baki, kar a ƙona motar kowa ko a ƙwace inji, da zarar kun yi haka magana ta juya ku ne masu laifi.

Abin da ake buƙata: hoton kututture da wani abu a kai da zai nuna girmansa, ko takalmi ko hula, da ranar da aka ɗauka. Sabon sara ana gane shi, garin katakon bai bushe ba, ganyen rassan da aka watsar bai gama yaushi ba. Ku ƙirga kututturen. Ku ɗauki sawun tayar mota. In mota ta fito, lambarta da launinta da abin da aka rubuta a jikinta da ƙarfe nawa ta wuce da inda ta nufa. Ku duba bakin gungumen in kun samu dama, wanda ya bi ƙa'ida jami'an daji sukan buga masa tambarin guduma, in babu ku rubuta babu. In gawayi ne, ramin ƙonawa nawa, wane itace, buhu nawa ake fitarwa a ranar kasuwa.

Hotunan kar su zauna a waya ɗaya, a tura wa wani ɗan garin da ke birni ya ajiye. Akwai kuma shafin Global Forest Watch a intanet, kyauta ne, yana nuna inda daji ya ragu ta hoton tauraron ɗan adam, 'yan makarantarku za su iya buɗe shi. Sai dai gaskiya a irin dajinmu mai tazara, inda ake tsame bishiya ɗaya-ɗaya, sau da yawa ba ya gani, ya fi amfani inda aka share fili gaba ɗaya. Ƙafa da littafi sun fi shi a wajenmu.

Mataki na 5: kai ƙara, a rubuce

Bari in ba ku nawa labarin. Akwai wata ƙirya a gefen gonar kakanmu, tun muna yara a ƙarƙashinta ake ajiye tulun ruwa da furar masu noma, mutum biyu ba sa zagaye ta da hannu. Wata safiya ƙanena ya je ya tarar da ita a ƙasa an daddatsa, an riga an tona rami an jera rabi an rufe da ƙasa hayaƙi na tashi. Muka tafi wani ofis a fusace muka zayyana wa wani jami'i da baki, ya ce subhanallahi, ya ce a bar masa komai. Bayan sati uku muka koma, ya kalle mu ya ce wace ƙirya? Ba mu da ko ƙyallen takarda da zai nuna mun taɓa zuwa. Baffana da muka dawo ya ce, “Kai ɗan nan, da baki ake kai ƙara wurin hukuma? Ai ko bashin goro rubutawa ake yi.”

Tun daga nan na koyi darasi. Ku rubuta takarda gajera, shafi ɗaya: wuri, rana, irin itace, adadi, lambar mota, hotuna a manne. Ban da zagi, ban da sunan wanda ba ku da hujja a kansa. Mutum biyar zuwa goma su sa hannu ko su dangwala, ya fi mutum ɗaya ƙarfi kuma ya fi aminci. Ku yi fotokwafi, ku miƙa ɗaya, ɗayar a buga muku hatimin an karɓa da kwanan wata da sa hannu, ku dawo da ita gida. In an ƙi bugawa ku rubuta ranar da wanda kuka tarar.

Ku bi ta kan mai unguwa da dagaci da hakimi ko da kuna zargin akwai hannun wani a ciki, don kar a ce kun tsallake su, amma a rana ɗaya kwafi ya tafi wurin jami'in daji na shiyya da daraktan gandun daji na jiha da difi'o da ofishin sibil difens. Sirrin ke nan, kowa ya ga a ƙasan takardar cewa an aika wa saura, sai ya kasa danne ta. In dajin na tarayya ne, wurin shugaban gandun za ku kai. In maganar fitarwa waje ce, kwastan da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tabbatar da dokokin muhalli. In cin hanci kuka gani ƙuru-ƙuru, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kuna iya rubutawa ku nemi a faɗa muku famit nawa aka bayar a dajinku da wa aka bai wa, doka ta ce a amsa cikin kwana 7, ba kullum suke amsawa ba amma ita kanta tambayar tana girgiza ofis.

Sati biyu shiru, ku sake rubutawa ku ambaci ta farko. Wata guda shiru, gidan rediyo da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku. Wallahi abin da takarda biyar ba su yi ba, minti goma a shirin safe na rediyo yakan yi shi. Amma wanda zai yi magana ya tsaya kan abin da ke cikin littafi, kar ya ƙara gishiri.

Mataki na 6: dokar gari

Ko an kama mota ɗaya, in garin bai ɗaure kansa ba wata za ta zo. Ku kafa kwamiti ƙarami da manomi da makiyayi da mace da matashi da mai gawayi a ciki, eh da mai gawayi, in kuka bar shi waje shi zai rusa ku. A amince a bainar jama'a kan itatuwan da ba a taɓawa, da ɓangaren dajin da za a hutar shekara kaza, da tarar wanda ya karya, a rubuta hakimi da jami'in daji su sa hannu. Kuɗin tara a riƙa karanta shi a fili, don na ga kwamitin da kuɗin tara ya kashe. Liman ya taɓo maganar a huɗuba, hadisin cewa wanda ya shuka itace duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci sadaka ce gare shi sananne ne, fasto ma ya faɗa a coci inda gari ya haɗa kowa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gwada wannan. Tun 1992 suka yi dokar da ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara, ƙauye ya kula da dajinsa, a raba shi kashi-kashi ana sara bi da bi, ɗan kasuwa ya saya a hannun ƙauye maimakon ya kutsa daji da motarsa, wani kaso na harajin ya zauna a garin. An yi haka a dajin Baban Rafi kudu da Maraɗi. Ba a rasa matsaloli ba, amma dai ɗan gari ya san in dajin ya ƙare nasa ne ya ƙare.

Mataki na 7: tukunya

Jihohi da yawa sun sha sanar da haramta gawayi, buhuna kuma suna nan jere a bakin titi, saboda duk ranar da gas da kananzir suka yi tsada matan birni gawayi suke komawa, shi kuma na ƙauye ba shi da wata sana'ar rani. Don haka ku rage buƙatar daga gida: murhu mai tsimin itace, ko na laka da mata ke ginawa da kansu, yana rage cin itace sosai in aka kwatanta da duwatsu uku. Masu gidan burodi da masu suya a zauna da su. A ware fili a shuka turare da darbejiya don girki da jinka, a bar wa ƙirya da kaɗanya ransu, su da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su zama abin kallo.

Kututturen da aka bar muku kuma yawancinsu ba su mutu ba, saiwar tana nan da rai a ƙasa. Abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi ke nan tun wajejen 1983, suna ce masa sassaben zamani, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a gonaki kimanin hekta miliyan 5, mafi yawa ba dashe ba ne. Yadda ake yi: in kututture ya yi toho, kar ka share shi lokacin sharar gona. Ka duba tohon ka zaɓi uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka yanke saura da wuƙa mai kaifi, ka riƙa yanka daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya yage. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, ka ɗaura jan ƙyalle don yara da makiyaya su san da mai shi, in awaki sun yi yawa ka kewaye da ƙaya. Duk bayan 'yan watanni ka dawo ka cire sabon tohon da ba ka so, shi ne ma itacen girkinka. Ƙiryar kakanmu toho bakwai ta yi a damina ta biyu, ƙanena ya bar uku, ɗaya yanzu ta wuce tsayinsa.